Hanyar Bayan Lambatu

Wajen ƙarfe shida na safe ne, ruwan da aka yi kafin asuba ya ɗauke amma gari bai washe ba. Ta ɓangaren kogin Binuwai gajimare ya yi ƙasa-ƙasa, iska mai sanyi tana kaɗa dalbejiya tana zubo da sauran ruwan a kan masu wucewa. Suhaib ya fito da kekensa daga soro, ya goge sirdin da hannun riga, ya ɗaure bakin wandonsa na dama da roba saboda baƙin man sarƙa, ya hau ya nufi bayan lambatu.

Hanyar bayan lambatu ba titi ba ce. Wani siririn fili ne da ya bi ta bayan gidajen Shagari Low Cost, katanga a hannun hagu, babban lambatu a hannun dama, har ya faɗa ƙaramin titin da ke gangarawa fadama da kasuwa. A shekarun tashin hankali aka yi ta. Lokacin an hana hawa babur, babban titi kuma duk shinge ne, sai mutum ya tsaya cikin rana har ƙafarsa ta gaji kafin a duba shi. Gidaje sun cika da baƙin da suka gudo daga Mubi da Michika, kowa yana neman inda zai bi ya je neman abinci. Sai mutanen unguwa suka fito da fartanya da shebur, suka sare ciyawa, suka zuba jar ƙasa. Babu wanda ya kafa doka, amma kowa ya sani: mai ƙafa ya bi jikin katanga, mai keke ya bi bakin lambatu. A lokacin har ma'aikatan ofis sun zaro tsofaffin kekunan iyayensu daga ɗakin shirgi. Da ƙura ta lafa, napep ya cika gari, kekunan suka koma inda suka fito. Waɗanda suka rage a kan hanyar su ne waɗanda ba su da wani abin hawan, masu kai burodi, leburori, da masu zuwa lambu.

A bakin hanyar Suhaib ya tarar da Baba Othniel yana jiransa kamar kullum, fartanya da buhu ɗaure a bayan keke. Dattijo ne siriri, yana cikin waɗanda suka zo daga Michika a wancan lokacin, shi bai koma ba. Ya sami ɗan fili a fadama yana noma alayyafo da kuɓewa. Kunnensa na hagu ya mutu tun ranar da suka gudo, ko tirela ce ta biyo shi ta wannan ɓangaren ba zai ji ba sai iskarta ta buge shi. Shi ya sa ba ya hawa babban titi. Shi ya koya wa Suhaib faci da ɗaurin birki, a nan bakin lambatu, bai taɓa karɓar komai ba.

"Yarona, yau ka makara. Ko an yi daɗewa wajen zance ne?"

Suhaib ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Suka jera, dattijon a gaba, shi a baya, suna kauce wa taɓo.

A tsakiyar hanyar akwai ƙofar bayan gidan Alhaji Muktar, da wata bishiyar mangwaro inda dattawan unguwa ke zama bayan la'asar. Al'ada ce duk mai keke in ya zo nan ya sauka, ya tura, ya gaida su, sai ya ba su baya kafin ya sake hawa. Da safe babu kowa a wurin, shi ya sa Suhaib ke bi. Da yamma kuwa, in ya tashi daga shagon fenti na Oga Chukwuka inda yake aiki, sai ya zagaya ta babban titi, ya kutsa cikin tifa da tankar mai, don kada Alhaji Muktar ya gan shi yana tura keke. Alhaji Muktar shi ne mahaifin Naziha, kuma Naziha ce yarinyar da Suhaib ke nema.

Ba wai ya taɓa yi musu ƙarya ba. Abin da ya faru shi ne, farkon zuwansa gidan, yana zaune da yayanta Nuruddeen a ƙofa, wani ya wuce a keke yana haki. Nuruddeen ya ce ai duk wanda ya zo neman ƙanwarsa a kan wannan abin, to ya haɗo da famfo a cikin lefe. Aka yi dariya, shi ma Suhaib ya yi. Tun daga ranar, in zai je zance sai ya yi wanka ya fito a ƙafa, ya ɓullo ta kwanar da napep ke sauke mutane. Bai ce a napep ya zo ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Da suka wuce mangwaron, Baba Othniel ya rage gudu ya ce masa Jauro, wato mai unguwa, ya kira taro gobe Asabar bayan la'asar, a kan wannan hanyar. Wasu yara a kan babur sun biyo ta sun fizge wayar Madam Fidelia mai shagon kayan miya, har ta faɗi ta gurje hannu. Mutane suna so a rufe bakin hanyar da ƙarfe. Ya ce shi ba ya ƙin a tare ɓarayi, amma a bar wa keke wurin wucewa, in ba haka ba shi lambu ya gagare shi ke nan.

"Za ka zo, ko? Ni bakina ba ya da nauyi a unguwar nan. Kai kuwa ɗan gida ne."

Suhaib ya ce in Allah ya yarda. A ransa ya riga ya shirya cewa aiki zai riƙe shi.

To amma da daddare Naziha ta kira shi ta ce Bappa, wato mahaifinta, ya ce a gaya masa ya zo taron gobe, yana son samarin unguwa masu hankali su kasance a wurin. Wannan ne karo na farko da Alhaji Muktar ya ambaci sunansa da bakinsa. Washegari Suhaib ya roƙi Oga Chukwuka ya sallame shi da wuri, ya zagayo ta babban titi, ya ajiye keke a soro, ya sa farar shaddarsa ta Sallah ya tafi.

An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro, an fito wa Jauro Hayatu da kujera. Masu gidaje ne suka fi yawa. Masu burodi da leburori ba su zo ba, yawancinsu ba 'yan unguwar ba ne, ratsawa kawai suke yi, a wannan lokacin ma suna can wajen nema. Madam Fidelia ta nuna hannunta. Mai walda da aka gayyato ya yi bayani cewa duk ƙofar da keke mai kaya zai shige, babur ma zai shige, sai dai a zaɓi ɗaya. Jauro ya ce to maganar ta zo da sauƙi: in masu keke suna da yawa, a bar hanya a nemi wata dabara, in kuwa babu su, a gicciya ƙarfe a bar ɗan wurin da mutum zai raɓa.

Alhaji Muktar ya gyara zama ya ce shi dai kullum yamma a nan yake, kuma tsakaninsa da Allah ya manta rabon da ya ga mutum a kan keke a hanyar nan. 'Yan kaɗan da yake gani ma turawa suke yi, kamar keken ya lalace. Wanda zai tura, ai da shi da mai ƙafa ɗaya ne.

Baba Othniel ya ɗaga hannu daga can gefe inda ya tsuguna. Ya ce, Alhaji, ai saboda ku suke sauka. Ba lalacewa ya yi ba, girmamawa ce. Aka yi dariya, har shi Alhajin. Ya ce to madalla da tarbiyya, amma dai a nuna masa su. Jauro ya ce duk mai hawa keke a hanyar nan ya ɗaga hannu.

Hannun Baba Othniel kaɗai ne a sama. Ya duba dama ya duba hagu, sai ya hango farar shadda, fuskarsa ta saki.

"Ba ni kaɗai ba ne, Jauro. Ga Suhaib can. Kullum safe tare muke bi, shi zai gaya muku yawan mutanen da muke haɗuwa da su."

Kowa ya juya. Nuruddeen yana tsaye jikin ƙofar gidansu, ya ɗaga gira. Alhaji Muktar ya dube shi, duba na mai jiran bayani, babu fushi a ciki. Suhaib ya san mai burodin da ke wucewa da akwatin katako, ya san 'yan'uwan nan biyu masu gini da ke goya juna, ya san malamin makarantar firamare mai jan keke. Duk suna nan a kan harshensa.

"Da ne, Baba," ya ce a hankali. "Yanzu na daina."

Dattijon ya karkato da kunnensa mai ji, ya sa tafin hannu a bayansa. "Ka ce me, yarona?"

Dole Suhaib ya maimaita, da ƙarfi, yadda har na bayan taro suka ji. "Na ce na daina hawa."

Baba Othniel ya daɗe yana kallonsa. Jiya jiyan nan suka raba ƙosai a bakin fadama. Sannan ya sauke hannunsa ya ce to, shi ne ya rikice ke nan, tsufa ne, a yi masa haƙuri. Aka tsayar da magana a kan ƙarfe, ɗaya a kowane bakin hanya. Da za a watse Alhaji Muktar ya miƙa wa Suhaib hannu ya ce ya gaida mutanen gida. Abin da Suhaib ya daɗe yana fata ke nan, amma ji ya yi kamar an ɗora masa garwashi a tafi.

Ranar Litinin ya tashi da wuri kamar yadda ya saba, ya tsaya a soro yana kallon keken. In ya hau, duk wanda ya gan shi ya san ya yi ƙarya a gaban Jauro. In bai hau ba, wataƙila maganar ta zama gaskiya, ko da daga baya ne. Ya jawo tsohon buhu ya rufe keken ya fita bakin titi neman napep. Haka ya yi ranar Talata, haka Laraba.

Oga Chukwuka bai bar abin ya wuce ba. Ya ce, "Suhaib, ina keke naka? Ka zama babban mutum yanzu, ko? Gobe sai ka zo da jirgi, ni zan share maka wuri." Da ya ga yaron bai yi dariya ba, sai ya tambaye shi ko an sace ne. Suhaib ya ce a'a, yana gida. Oga ya dube shi sama da ƙasa, ya ce shi dai a garinsu in abu yana tafiya ba a rufe shi da buhu, ya koma cikin shago.

Ranar Alhamis da safe, napep ɗin da ya shiga ya tsaya a cunkoso kusa da gidan mai. Can gefen kwalta ya hango Baba Othniel. An riga an kafa ƙarafan, ga shi ya fito babban titi. Ba hawa yake yi ba, turawa yake, yana tafe yana waiwaye ta kafaɗar hagu. Wata tifa ta danna masa oda, bai ji ba, sai da yaron motar ya leƙo ya zage shi sannan ya yi tsalle gefe, buhunsa ya faɗa cikin ruwan kwata. Suhaib ya matsa baya ya ɓoye fuskarsa a bayan matar da ke kusa da shi. Har suka wuce bai ɗago ba.

Da yamma ya je wurin Naziha. Ta fito da ruwa ta ajiye, ta zauna a ɗaya gefen bencin, ba ta yi masa tsiyar da ta saba ba. Ya fara kame-kame a kan ruwan sama da tsadar fenti. Ta bar shi ya gama.

"Tagar ɗakinmu tana kallon lambatu," ta ce. "Tun bara nake ganinka kana wucewa da safe, kai da tsohon nan. Har robar da kake ɗaure wando da ita na sani, ja ce."

Ya sunkuyar da kai. Ta ci gaba, ta kawo maganar mahaifiyarta.

"Dada ma ta sani. Ita ce ma take cewa yaron nan yana da kirki, dubi yadda yake bin bayan tsoho a hankali." Ta gyara mayafi. "Ranar Asabar muna jin ku daga tsakar gida. Da ka maimaita, tashi ta yi ta shige ɗaki."

Ya tambaye ta ko Bappa ya sani. Ta ce ba ta gaya masa ba, ba kuma za ta gaya masa ba, wannan ba nata ba ne. Ta ɗauki kofin da bai taɓa ba ta shiga gida.

Daga nan gidan Jauro ya wuce, ya same shi yana alwalar magariba. Ya durƙusa ya faɗi komai, ya ambaci mai burodi da magina da malamin makaranta. Jauro Hayatu ya saurare shi har ƙarshe yana tsane hannu. Ya ce ya ji, kuma ya yarda da shi. Amma magana ce da aka yanke a gaban jama'a, an sayi ƙarfe, an zuba siminti ya kama. Ba zai tashi shi kaɗai ya tumɓuke ba don wani ya zo ya yi masa raɗa a zaure. In an sake taro bayan damina, ya zo ya faɗa a inda ya faɗi ta farko, da irin muryar da ya faɗe ta.

"Za ka iya?" ya tambaye shi.

Suhaib ya ce zai iya. Jauro ya ce Allah ya kai mu, ya shige masallaci. Bayan damina kuwa da sauran tafiya, kuɓewar Baba Othniel ba za ta jira ba.

Washegari Juma'a ya yaye buhun. Tayar baya ta ɗan sauka, ya ba ta iska, ya fito. Ƙarfen da aka gicciya a bakin hanya ya kai masa ƙugu, an shafa masa jan fenti, a gefe an bar ɗan tsagi da mutum zai bi a karkace. Baba Othniel yana wurin. Da alama ya gaji da titi. Ya kwance fartanya da buhu ya tsallakar da su, yanzu yana kokawa da keken, ya ɗaga tayar gaba ta hau ƙarfen, ta baya ta ƙi, feda ta maƙale. Numfashinsa har daga nesa ana ji.

Suhaib ya jingine nasa ya yi sallama. Dattijon bai juyo ba. Ko ta kunnen hagu ya tsaya, ko kuma ba haka ba ne, Suhaib bai sani ba. Ya kama keken ta ƙarƙashin sirdi ya ɗaga ya sauke shi a ɗaya gefen, sannan ya tsallakar da nasa. Baba Othniel ya raɓa ta tsagin, ya ɗaure kayansa a natse, ya hau ya tafi.

Suhaib ya bi bayansa da ɗan nisa. Da suka kusa mangwaro sai ga Alhaji Muktar tsaye a ƙofar baya da carbi a hannu, ya fito duba inda ruwa ya ci gindin katangarsa. Babu wurin juyawa, hagu katanga, dama lambatu. Suhaib ya sauka, ya turo keken har gabansa, ya rusuna ya gaishe shi. Alhaji ya amsa, idonsa a kan keken.

"Ka koma hawa ke nan?"

"Ban taɓa dainawa ba, Bappa. Sai kwanakin nan."

Alhaji Muktar ya ja carbinsa, ya dubi bayan dattijon da ke turawa can gaba, ya sake duban Suhaib. "To," ya ce. Ya juya ya ci gaba da duba katangarsa.

Suhaib ya tsaya kaɗan ko za a ƙara wani abu, ba a ƙara ba. Ya tura har ya ba shi baya, ya hau. Bai san abin da wannan "to" ɗin zai haifar ba, kuma babu wanda zai tambaya.

Kafin ƙarshen hanya ya ƙara gudu, ya raɓa ta hannun daman Baba Othniel ya wuce shi, ya riga shi isa ƙarfe na biyu. Ya tsallakar da nasa ya dawo ya tsaya. Mai burodi ma yana wurin yana sauke akwatinsa yana ƙunƙuni, Suhaib ya kama masa suka ɗaga tare. Da dattijon ya iso ya sauka, ya saki kan keken bai dubi kowa ba. Suhaib ya ɗaga shi da kayansa gaba ɗaya, da fartanyar da buhun, ya sauke a kan titin fadama, ya riƙe har ya hau. Baba Othniel ya gyara hularsa ya gangara wajen lambu.